Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Keken Hawan Dutse

Da yawa daga cikin kekuna masu giya da ake saukewa daga kwantena tare da sauran kayan gwanjo, waɗanda ake ce wa 'yan Baljiyam, kekunan hawan dutse ne da aka ƙera tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon shekarun 2000, aka hau su na ɗan lokaci a Turai ko Amurka, sannan aka jingine su a gareji har tsatsa ta fara kama su. Wanda ya sayi irin wannan keke, abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne fenti, domin fenti ne ido yake gani. A ganina fenti shi ne aikin ƙarshe, kuma sau da yawa ma ba a bukatarsa. Abin da ya kwantar da keken yana ciki ne, inda ido ba ya kaiwa: giris da ya bushe ya zama kamar danƙo, wayoyin da suka daskare a cikin rigarsu, robar birki da ta ƙandare, da sarƙar da ta ci kanta. Idan aka bi waɗannan da haƙuri, keken da ya shekara talatin yakan fi sabo mai araha daɗin hawa da juriya.

Tarihin keken ma ya nuna haka. A shekarun 1970 wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka riƙa gangarowa daga tsauni a kan tsofaffin kekunan Schwinn masu faɗin taya, kuma tseren da suka fara a 1976 sun sa masa suna Repack ne saboda zafin birki yakan ƙone giris ɗin ƙafar baya, sai an sake cusa sabo bayan an gangaro. Joe Breeze ya ƙera firam na musamman don wannan hawa a 1977, kamfanin Specialized kuma ya fito da Stumpjumper a 1981, daga nan keken ya bazu a duniya. Amfanin wannan ga mai gyara shi ne, kekunan shekarun 1990 kusan duk ma'auni ɗaya aka bi wajen ƙera su, wato taya mai inci 26, da cibiyar feda mai zare, da birki mai matse rim, saboda haka kayan wani sukan shiga wani, kuma ana iya haɗa keke ɗaya mai kyau daga biyu da suka mutu.

Kafin a kashe ko kwabo, firam ake fara bincika, domin shi kaɗai ne ba a iya musanyawa ba tare da an sauya keken gaba ɗaya ba. A wanke shi da ruwa da sabulu, a fitar da shi cikin hasken rana, a bi kowace mahaɗa da ido da kuma farce. Wuraren da tsagewa ta fi fitowa su ne inda bututun ƙasa ya haɗu da bututun wuya, da bakin bututun da sandar sirdi ke shiga, da bayan cibiyar feda, da kunnuwan da ke riƙe ƙafar baya. A shafa ƙarƙashin bututun ƙasa dab da wuya. Idan an ji ɗan tudu ko an ga fenti ya tattare a wurin, keken ya taɓa yin karo da wani abu gaba da gaba, kuma mai yiwuwa cokalin ma, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe ƙafar gaba, ya lanƙwashe zuwa baya. A kawo mayen ƙarfe a ɗora: idan ya kama, firam ɗin ƙarfe ne, idan bai kama ba, akasari alminiyam ne. Bambancin yana da muhimmanci ƙwarai. Ƙarfe yana karɓar gyara a hannun ƙwararren mai walda, kuma tsatsar da ke samansa ba ta da haɗari muddin ba ta huda shi ba, amma alminiyam da ya tsage ba abin dogaro ba ne ko an like shi, saboda zafin walda yana raunana shi, kuma maido masa da ƙarfinsa sai da gashi na musamman wanda babu shi a bakin titi. Idan an ga takardar da aka manna a firam tana ɗauke da lamba 4130, ko Cr-Mo, ko sunan Tange, ko Reynolds, ko True Temper, an yi dace da ƙarfe mai kyau, wanda ya haɗa rashin nauyi da ƙarfi.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane ko firam ya karkace. A ɗaura zare a kunnen baya na dama, a zagaya da shi ta gaban bututun wuya, a dawo da shi kunnen hagu a ja shi ya miƙe, sannan a auna tazarar da ke tsakanin zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Bambancin milimita ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Idan ya wuce haka sosai, keken zai riƙa ja gefe ɗaya. Haka kuma tun a wurin ciniki a sassauta notin sandar sirdi a gwada murɗa ta, domin sandar da ta ƙi motsi ita ce babbar masifar tsohon keke, kuma dalili ce ta neman ragi ko ma ta fasa saye. Mai saye ya tsaya a kan keken, ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya tabbatar akwai sarari tsakaninsa da bututun sama, tunda babu gyaran da zai mayar da keken da ya yi wa mutum girma daidai da shi. A kife keken a kwafi lambar da aka buga a ƙarƙashin cibiyar feda, a sa mai sayarwa ya rubuta ta a rasit, saboda keke yana cikin kayan da aka fi sata.

Kayan aikin ba su da yawa: alanki masu milimita 4 da 5 da 6 da 8, sifana daga 8 zuwa 17, sukundireba iri biyu, filaya mai yanka waya, abin fasa sarƙa, makullin sifok (siraran ƙarafan da ke haɗa rim da tsakiyar ƙafa), siraran sifanu na kon (notin da ke matse 'ya'yan boris a tsakiyar ƙafa) masu lamba 13 da 15, da abin zare hannun feda. Sai kananzir, da giris, da tsohon buroshin haƙori, da tsummoki masu yawa. A rataye keken da igiya a reshen bishiya ko a azarar rumfa yadda ƙafafunsa za su juya a sama. Kafin a kwance komai a ɗauki hotonsa da waya ta kowace fuska, musamman hanyar da wayoyi suka bi da yadda sarƙa ta ratsa giyar baya, domin abin da mutum yake jin ba zai manta ba yakan ɓace masa bayan kwana uku. Kowane sashe a ba shi gwangwaninsa, kuma a jera wasa, wato zoben da ake sawa a ƙarƙashin noti, da noti a kan zare ko waya bisa yadda suka fito.

Wajen kwancewa ne ake lalata yawancin kekunan nan, kuma guduma ce ke lalata su. Mai gyaran da ya saba da keken Raleigh ko Phoenix ya san hannun feda da ake riƙe shi da ƙusa ta gefe, wadda ake bugawa ta fita, sai ya ɗauka kowane keke haka yake. Hannun fedar keken hawan dutse a kan sanda mai kusurwa huɗu aka matse shi, kuma da alminiyam aka yi shi. Ana cire ƙusar tsakiya da alanki 8 ko soket 14, a duba kada wasa ta maƙale a ciki, a ɗaura abin zarewa a zaren hannun har ƙarshe, sannan a murɗa cikinsa ya tura sandar, hannun ya fito salin alin. Na taɓa kai keke wurin wani mai gyara da ya buge hannun da guduma ta baya. Ya fita kam, amma ramin ya buɗe, kuma tun daga ranar bai sake zama daram ba duk yadda aka ɗaure shi, sai da na sayi wani.

Sai batun zare. Fedar hagu zarenta a juye yake, haka ma kofin dama na cibiyar feda, kuma mutane da yawa suna ta ɗaurewa alhali suna zaton kwancewa suke yi. Hanyar tunawa ita ce, idan hannun sifana yana kallon sama, fedoji duka biyu suna kwancewa ne idan an tura shi wajen ƙafar baya, kofunan cibiya kuma duka biyu suna kwancewa idan an tura shi wajen ƙafar gaba. Wuri ɗaya da aka yarda a yi bugu shi ne wuyan sitiyari irin na da, wanda yake shiga cikin cokali da ƙusa guda a samansa: a sassauta ƙusar zagaye uku ko huɗu, a ɗora katako a kanta a buga sau ɗaya, ƙarfen da ke cije da shi daga ciki zai saki. Wuyan da ya rungumi cokali ta waje kuwa, ƙusoshinsa na gefe kawai ake sassautawa, ba ya bukatar bugu.

Idan sandar sirdi ta ƙi fita, dalilin shi ne alminiyam da ƙarfe sun daɗe a haɗe cikin danshi babu giris a tsakaninsu, wani farin gari ya taru ya cika sararin. A fesa man sassauta tsatsa a bakin bututun, a kuma kife keken a zuba ta ramin cibiyar feda, a bar shi ya kwana biyu ko uku ana ƙarawa. Daga nan a ɗaura tsohon sirdin da ba a jin asararsa a murɗa da shi, ko a matse kan sandar a bais, wato maƙatar ƙarfe ta kan teburi, a juya firam ɗin gaba ɗaya. Kada a buga ta ƙasa da nufin girgiza ta, domin ƙara nutsewa take yi, kuma kada a sa mata wuta, tunda alminiyam ya fi ƙarfe kumbura da zafi. Idan duk wannan ya faskara, sai a yanke ta a bar ɗan tsawo a waje, a zura ruwan zarto a cikinta a tsaga ta a tsaye a hankali har ta naɗe ta fito, aikin da yakan ci yini guda.

Wanki da kananzir ake yi, ba da fetur ba, saboda fetur yana kama wuta da ƙyas ɗaya kuma yana cin roba. Ƙananan ƙarafa masu tsatsa a jiƙa su cikin ruwan khal dare ɗaya, a goge da buroshin waya, a ɗauraye, a shanya su bushe sarai, a shafa musu mai nan take, in ba haka ba tsatsar za ta dawo kafin la'asar. Ƙarfe mai sheƙi kuwa, takardar alminiyam ta naɗe abinci da aka dunƙule aka tsoma a ruwa tana cire masa tsatsa ba tare da ta karce shi ba.

Zuciyar aikin ita ce boris, kuma wurare huɗu ne: hob na gaba (tsakiyar ƙafa inda sifok suke haɗuwa), hob na baya, wuya, da cibiyar feda. A shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa kafin a buɗe hob, domin 'ya'yan boris suna faɗowa su ɓace cikin yashi. A kwance noti da kon na gefe ɗaya kawai, a ƙafar baya gefen da babu haƙora, a bar na ɗaya gefen yadda yake don aksul, wato sandar da ta ratsa hob, ya koma mazauninsa daidai. A ƙirga 'ya'yan tun suna fitowa. A yawancin kekunan nan hob na gaba yana da goma a kowane gefe masu kaurin 3/16 na inci, na baya kuma tara a kowane gefe masu kaurin 1/4, kuma tunda ba su da tsada, gara a sa sababbi duka, kada a gauraya su da tsofaffi. Bayan an wanke, a bi hanyar da suka yi a jikin kon da bakin biro; duk inda biron ya ci karo da rami, kon ɗin ya tashi aiki, sai a nemi wani mai siffarsa. Idan kofin da ke jikin hob ɗin ne ya rarake, babu abin yi sai sauya hob ko ƙafar gaba ɗaya. Aksul ɗin a gangara shi a kan gilashi ko madubi, wanda ya lanƙwashe zai riƙa tsalle. Wannan ya fi faruwa a ƙafar baya irin wadda ake murɗa haƙoran a kanta da zare, saboda boris ɗin dama yana can ciki nesa da firam, yayin da irin wadda ake zura haƙoran a riƙe su da zobe ta fi jure nauyi da ramuka.

A cika kofi da giris har 'ya'yan su manne a ciki, a mayar da aksul, a murɗa kon da yatsa har ya taɓa su, sannan a riƙe shi da siririyar sifana a ɗaure notin a kansa. A nan ake bambanta gwani da ɗan koyo. Idan ya matse, za a ji gurzawa kamar da yashi a ciki, kuma zai cinye kon cikin 'yan watanni. Idan ya saki, ƙafar za ta riƙa kaɗawa. A ƙafar da ake ɗaurewa da maɗaurin hannu maimakon noti, ana barin ɗan motsi kaɗan ƙwarai, domin maɗaurin yana matse aksul idan an rufe shi, motsin ya ɓace. Ba abin kunya ba ne a kwance a sake sau biyar kafin a dace.

Wuya ma haka ake yi masa. Idan sitiyari yana maƙalewa a tsakiya kamar yana da mazauni, 'ya'yan boris sun haƙa ƙananan ramuka a kofin ƙasa, kuma dabarar da ta daɗe tana aiki ita ce a jefar da kejin da ke riƙe su, a zuba su a sake, a cika kofin sannan a cire ɗaya ko biyu, yadda ba za su sake faɗawa ramukan a lokaci guda ba. Bayan an haɗa, a matse birkin gaba a tura keken gaba da baya, yatsa yana kan mahaɗar kofin. In an ji ƙwas-ƙwas, da sauran ɗauri. Cibiyar feda kuwa iri biyu ce. Mai kofi da 'ya'yan boris ana wanke ta a sake mata giris kamar hob. Rufaffiya, wadda ta yawaita daga shekarun 1990, ba a buɗe ta. Idan tana juyawa sumul a mayar da ita, idan tana gurza a sayi wata, a auna faɗin mazauninta a firam, ko milimita 68 ko 73, da kuma tsawon sandarta, wanda yakan kasance kamar 113 ko 118 ko 122, domin sanda gajera za ta sa faranti ya goga firam. A shafa giris a zaren kafin a mayar, a fara murɗawa da hannu don kada zaren ya hau kan juna.

A ƙafafu, a fara duba gefen rim inda birki ke kamawa. Idan ya lotsa ciki har ana jin kwarinsa da yatsa, ya cinye, kuma yana iya fashewa idan an cika iska, saboda haka ba a yi masa kara. Idan lafiyayye ne, a ɗiga mai a kan kowane notin sifok a bar shi ya kwana, sannan a juya ƙafar ana kallon tazararta da robar birki. Inda rim ya karkata dama, a ƙara ɗaure sifok da suka fito daga gefen hagu na hob, a ɗan sassauta na dama, rubu'in zagaye kawai a kowane karo, a sake juyawa a duba. Gaggawa a nan ita ke mayar da ƙafa kamar ƙwai. Robar da ke rufe kawunan sifok a cikin rim a sabunta ta, tunda ita ce sanadin facin da ake ta yi ta cikin tiyub ba a san daga ina hujin yake zuwa ba.

Wajen sayen taya akwai tarko. Ba duk abin da aka rubuta wa 26 ne yake shiga ba. A nemi lamba 559 a gefen tayar, kamar 50-559, wadda ita ce ainihin ma'aunin rim ɗin keken hawan dutse da milimita. Tayar da aka rubuta wa 26 x 1.95 ko 26 x 2.10 daidai ce, amma mai 26 x 1 3/8 ta wani keken ce daban, ta fi faɗin baki, ba za ta zauna ba. Wanda zai fi hawa a kwalta ya zaɓi mai ƙananan haƙora, ta fi gudu da sauƙin tuƙi; mai bin hanyar gona, inda tsidau da ƙaya suke, ya nemi mai kaurin roba. Tiyub mai bawul irin na mota ya fi dacewa idan ramin rim ya karɓe shi, domin kowane mai faci yana iya ba shi iska.

Sarƙa ba miƙewa take yi ba, ƙusoshinta ne suke cinyewa har ta ƙara tsawo, kuma ana gane haka da ruler. Tazarar ƙusa da ƙusa rabin inci ce, saboda haka a sabuwar sarƙa, idan an sa farkon ruler a tsakiyar wata ƙusa, alamar inci 12 za ta faɗa a tsakiyar wata ƙusar daidai. Idan ƙusar ta wuce alamar da 1/16 na inci, wato kusan milimita ɗaya da rabi, a sauya sarƙa. Idan ta wuce da 1/8, to haƙoran baya ma sun cinye tare da ita, kuma sabuwar sarƙa za ta riƙa tsallake su duk lokacin da aka taka da ƙarfi, sai an sauya su tare. Sarƙar keken Raleigh ta yi faɗi, ba ta shiga tsakanin haƙoran giya. Mai jerin haƙora shida ko bakwai ko takwas a baya sarƙa iri ɗaya suke ɗauka, mai tara kuma tasa ta fi siranta. Don gane tsawon da ya dace, a zagaya ta a babban faranti na gaba da babban na baya ba tare da ta ratsa giyar baya ba, a ƙara inci ɗaya a kan inda bakunan suka haɗu, a yanke a nan.

Wayoyi da rigunansu duka a sauya su, ko da sun yi kama da masu kyau. Sai dai a kiyaye, rigar wayar giya daban take da ta birki: ta birki ƙarfenta a naɗe yake kamar sifirin, ta giya kuma ƙananan wayoyi ne a jere a tsaye, kuma idan aka sa ta giya a birki tana iya fashewa a daidai lokacin da aka matse da ƙarfi. Madannin giya na Shimano irin na babban yatsa da manuni, idan ana danna shi yana tafiya fayau ba ya kamawa, yawanci bai lalace ba. Tsohon giris ne ya daskare ya riƙe 'yan ƙananan haƙoran ciki. A buɗe murfin a fesa man sassauta tsatsa ana dannawa, ko a ajiye shi a rana ya yi ɗumi tukuna, sau da yawa sai a ji ya farfaɗo. An zubar da madannai masu kyau da yawa saboda rashin sanin wannan, aka maye gurbinsu da na roba da ba sa shekara.

Kafin a taɓa saitin giyar baya, a tsuguna a bayan keken a duba ko ƙananan farantanta biyu suna tsaye a layi ɗaya da haƙoran. Idan sun karkata ciki, kunnen da aka rataye ta ne ya lanƙwashe sakamakon faɗuwa, kuma babu saitin da zai yi aiki sai an miƙe shi. Na ƙarfe yana miƙuwa a hankali, na alminiyam yakan karye, gara a nemi wani. Ƙusoshi biyu masu alamar H da L iyaka kawai suke sawa: H tana hana sarƙa faɗawa waje bayan ƙaramin haƙori, L tana hana ta shiga cikin sifok bayan babba, kuma wannan ta biyun ita ce ke ceton ƙafar baya daga ɓarna. Bayan an saita su, a sa sarƙa a ƙaramin haƙori, a ja waya a ɗaure, a danna sau ɗaya. Idan sarƙar tana jinkirin hawa, a murɗo ɗan bututun saitin da wayar ta ratsa zuwa waje rabin zagaye. Idan tana jinkirin saukowa, a mayar da shi ciki. Giyar gaba a daidaita ta da babban faranti, tazarar milimita biyu ko uku a saman haƙoransa.

Birki ba a yi masa tsimi. Robar da ta shekara ashirin ta zama kamar katako ko da ba ta cinye ba, a sa sabuwa, a goge gefen rim da samfefa mai laushi, a tabbatar babu ɗigon mai a kansa. Robar ta sauka a kan rim sosai, kada ta taɓa taya, kada kuma ta leƙa ƙasa, kuma bakinta na gaba ya riga na baya taɓawa da kamar milimita ɗaya, wanda shi ke hana kuka. Akwai kuskuren da ake yawan yi wajen haɗa kayan keke biyu. Tsohon birki mai gajerun hannaye da waya ta ratsa sama kamar rufin bukka, da kuma mai dogayen hannaye a tsaye wanda Shimano ya yaɗa daga 1996, kowanne da irin mariƙinsa, wato hannun da ake matsewa a sitiyari, domin tsawon wayar da suke ja ba ɗaya ba ne. Idan aka haɗa tsohon mariƙi da dogon birki, mariƙin zai taɓa sitiyari kafin keken ya tsaya. Idan aka yi akasin haka, za a ji tauri a hannu amma birkin ba zai kama ba.

Cokali mai sifirin na wancan zamani sau da yawa robobi ne a cikinsa, kuma zafi da shekaru sukan narkar da su ko su farfashe. Idan ya nutse bai dawo ba, ko ƙafafunsa suna kaɗawa, ni dai shawarata a musanya shi da cokalin ƙarfe marar sifirin mai kusan tsawonsa, wanda kaurin wuyansa ya yi daidai da firam, ko inci 1 ko inci 1 1/8. Keken zai rage nauyi, kuma an huta da abin da kayan gyaransa ke da wuyar samu.

Yanzu ne za a waiwayi fenti. Fentin kamfani, wanda aka gasa, ya fi duk wanda za a fesa da gwangwani ƙarfi, saboda haka idan yawancinsa yana nan, a goge shi da man goge mota a ga yadda launin zai dawo. Inda ya ɓare, a kankare tsatsar da samfefa, a ɗiga fenti mai kama da shi ko jan farce marar launi. A firam ɗin ƙarfe a fesa ɗan mai a cikin bututu a jujjuya shi, tunda daga ciki tsatsa take cin sa ba a sani ba. Idan dole sai an sake fentin gaba ɗaya, a yi shi tun firam yana tsirara, a toshe duk ramuka masu zare da takarda, kuma kada a rufe lambar da ke ƙarƙashi.

A shafa giris a sandar sirdi kafin a mayar da ita, a kuma kula da layin da aka zana a jikinta da jikin wuyan sitiyari, wanda bai kamata ya fito waje ba. Tsawon sirdi ya yi daidai idan mahayi ya ɗora diddigensa a feda tana can ƙasa, ƙafarsa ta miƙe ba tare da ya karkata ba. Hawan farko a yi shi a fili inda babu motoci, a gwada kowane birki shi kaɗai, a bi giya ɗaya bayan ɗaya ana sauraro. Bayan mako guda sababbin wayoyi za su ɗan saki, sai a ƙara musu ja, a sake ɗaure ƙusar hannun feda, a girgiza ƙafafu da wuya a ji ko motsi ya dawo. Man sarƙa kuwa ɗigo ɗaya ne a kowace gaɓa, a juya feda baya na ɗan lokaci, sannan a goge na waje da tsumma har sarƙar ta yi kamar ba a sa mata komai ba, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke manne wa mai ta zama kamar samfefa a tsakanin sarƙa da haƙora.